Ɗinkin Gida Ba Ɗinkin Banza Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a a gidajenmu da na gaji da ganinta. Za a sa ranar biki wata huɗu ko biyar, a je Kantin Kwari a jido atamfa da leshi da shadda, a jibge cikin akwati a manta. Sai ana saura kwana goma a kwaso na amarya, a haɗa da ankon ƙawaye, a nufi wajen 'yar uwa mai keke a ɗaki, a ce, "Yaya, ke da kike gida ai ba zai ɗauke ki lokaci ba." In ta yi maganar kuɗi a ce ta cika son abin duniya. In ɗinki ya makara a bi dangi da ita.

Telar gida dai an san ta: mace mai ɗinki a ɗakinta, ba shago, galibi tana haɗawa da saƙar hulunan jarirai da safa da rigunan sanyi. Abin da aka ƙi ganewa shi ne zamanta a gida bai sa ta fi telan kasuwa lokaci ba. Telan kasuwa yana da yara, wani na kalmasa, wani na guga, wani na zuwa sayo zif. Ita kuwa ita ce mai yanka, ita ce mai taka keke, kuma ita ce mai ɗora tukunyar rana da shirya 'yan makaranta.

A dubi rigar amarya ta leshi guda ɗaya. A zahiri riga biyu ce, domin sai an yanka shafi an ɗinka shi daban kafin a haɗa. Leshin yadi 5 ake sayarwa, ba kamar turmin atamfa mai yadi 6 ba, don haka babu rarar da za a yi kuskure da ita, ga shi sai furannin bakinsa sun dace da juna a gaba da baya. In mai duwatsu ne, sai an bi layin ɗinki an tsince su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba allura ta dinga karyewa. Daga nan a aika wajen wibin ko surfani a jira layi. Sannan amarya ta zo gwaji, a tarar hidimar biki ta ramar da ita, a farke a rage. Wannan ne aikin da ake cewa "ɗan taimaka min"? Ku ji tsoron Allah! Zumunci bai halatta cin gumin mutum ba.

Wani abin kuma, bukukuwa sun fi yawa a Disamba, daidai lokacin da hunturu ke sa iyaye neman kayan sanyi na jarirai. Wato saƙa da ɗinki rana ɗaya kasuwarsu ke ci. A nan laifin ya dawo kanki, telar gida. Kin karɓi kayan amarya, kin karɓi saƙar suna, kina cewa ai saƙa hutu ce, da dare za ki yi. Idon da ya wuni a kan allura shi ne zai kwana a kan kwarashi, wuya da wuyan hannu ma su ne dai. Taura biyu ba ta taunuwa. Rashin wuta da tsadar kayan aiki suna da nasu rabon, amma yawancin rigimar daga jin kunyar cewa "ba zan iya ba" take farawa.

Ga masu biki, a kai kayan amarya aƙalla wata guda kafin rana, a yanke farashi tun farko, a ba da kafin alƙalami. Zare da zif da shafi kuɗi ake sayensu. Ankon ƙawaye a raba wa teloli daban-daban. Hoton da aka gani a Instagram a tambaya ko yadin da ke hannu zai iya fitar da shi.

Ke kuma mai ɗinki, ki rubuta awon kowa da ranar karɓa a littafi. Ki yi yanka da safe idonki na garau, domin saƙa in ta ɓaci a warware zare a sake, amma yadi in almakashi ya bi ta kansa ya tafi. Ki bar tazara a gefen riga don gyara. Ki sa sabuwar allura, lamba 11 ga yadi mara kauri, 14 ga atamfa. In kin zuba wa keke mai, ki fara taka ƙyalle kafin farin shafi ya hau. Leshi ta baya ake goge shi, a ɗora tsumma, kuma ki nisanta shi da dutsen guga na gawayi. Zaren ulu ki ware masa jakarsa, gashinsa na manne wa karan-miski. In za ki sayi zare, ki sayi wanda zai gama aikin gaba ɗaya, saboda launi kan bambanta daga wani ɗauri zuwa wani. A makon biki ki ajiye kwarashi, ki gaya wa mai jego gaskiya tun da wuri. Aikin da kika san ba zai samu ba, ki mayar da shi ranar da aka kawo, mai shi ya nemi wata tun da sauran lokaci.