Bayan rufe ramin Cominak: yadda tsofaffin ma'aikata ke raba yininsu a Agadas

Ran 31 ga watan Maris na shekarar 2021 aka tsai da aikin haƙar uraniyom a ramin Cominak da ke Akokan, kusa da Arlit, cikin jihar Agadas. An kafa kamfanin a 1974, ya soma fid da ma'adini a 1978, kuma kafin rufe shi ya haƙo wajen ton 75.000. Dalilan da aka bayar su ne arzikin ramin ya ƙare, farashin uraniyom kuma ya faɗi a kasuwar duniya tun bayan haɗarin Fukushima na ƙasar Japan a 2011. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aikinsu, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila waɗanda abincinsu ya rataya ga kamfanin.

An yi maganganu da yawa bisa kuɗin sallama. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne cewa ban da albashi, kamfanin ne ke riƙe wa mutum agogonsa. Aikin rami na karɓa-karɓa ne, dare da rana. Mota ta zo ta ɗauki ma'aikaci a kan ƙa'ida, ya sa hular kwano mai fitila, ya gangara mita 250 ƙarƙashin ƙasa, ya fito sa'ad da masu karɓarsa suka iso. Uwargida tana ɗora tukunya bisa lokacin saukarsa, yara suna rage murya in ya kwana aiki yana barcin rana. Gida, da ruwa, da wuta, da asibiti, duka na kamfani ne. Wanda ya yi shekara ashirin ko talatin a haka bai taɓa tambayar kansa abin da zai yi gobe ba.

Makonnin farko sukan wuce da sauƙi, domin ƴan'uwa da abokan arziki suna ta zuwa jaje, waɗansunsu kuwa labarin kuɗi ne ya kawo su. Daga baya ƙafa ta ɗauke. Jiki yana ta da mutum tun da asuba kamar yadda ya saba, amma babu motar da za ta zo. Nan ne haɗarin yake: wanda yininsa ba shi da turke, aljihunsa ma ba ya da shi. Kuɗin da aka tara cikin rami yakan zurare ta hanyar mota, da biki, da rancen da ba a biya, ba don maigida wawa ne ba, sai don yana zaune ƙofar gida daga safe har yamma, kowa ya zo ya same shi.

Waɗanda suka gangaro birnin Agadas, tafiyar wajen kilomita 240 kudu da Arlit, sun tarar da wani agogo wanda ya girmi kamfani nesa ba kusa ba, wato kiran salla. Mutumin da dā sau da yawa Azahar ko Isha ke riskarsa a ƙarƙashin ƙasa, yanzu yana iya cin sahu sau biyar, kuma tsakanin kowace salla da mai bi mata akwai gurbin da zai cika da abu guda. Daga Asuba zuwa hantsi aikin ƙarfi, tun rana ba ta yi zafi ba. Bayan Azahar hutu. Daga La'asar zuwa Magariba kasuwa, ko gaisuwar mara lafiya, ko fada.

Fada tana da amfani, gaskiya. Wurin shan shayi ake jin wanda ke neman direba, da wanda ke sai da fili, da wanda ya rasu cikin abokan aiki. Amma fadar da ta soma tun da hantsi ta zama zaman kashe wando, ko da kuwa miliyoyi na ajiye a banki.

Lambu ya fi kome kama da aikin da suka baro. A gefen ƙoramar Telwa, da can cikin duwatsun Abzin wajen Dabaga, Tabelot da Timiya, ana noman rani na albasa, dankalin turawa, tafarnuwa, tumatir da lemo. Lambu ba ya sauraron uzuri. Ran ban-ruwa sai an yi ban-ruwa, in injin ya tsaya sai an kwance shi nan take, in ciyawa ta taso sai an cire. A nan tsohon bakanike ko mai gyaran wuta na kamfani ya fi maƙwabtansa sa'a, don ya san ciwon inji tun daga ƙararsa, har masu lambunan kusa sukan aiko a kira shi. Lambu yana kuma mai da wa mutum lissafin watanni: lokacin reno, lokacin dashe, lokacin cirar albasa da zuwan manyan motoci masu kai ta Agadas da ƙasashen gaɓar teku. Sai dai ba kowa ke da gado a bakin ƙorama ba, kuma faɗuwar farashin albasa shekara guda ta isa ta cinye jarin sabon shiga.

Waɗansu sun sayi adaidaita ko sun buɗe kanti. Mai hankali cikinsu kan tsai da wa kansa sa'ar buɗewa da ta rufewa tamkar akwai shugaban aiki a bayansa. Masu sauran ƙarfi sun nufi wuraren zinariya irin su Cibarakaten, inda ake haƙa tun 2014, sun kai can sanin rami da suka koyo a Akokan.

Ƴan kwangila kuwa, waɗanda ba su samu irin sallamar ma'aikatan kamfani ba, ba su da lokacin tunanin yadda za su cika yini. Neman abin cefane ne ke ta da su, su nufi tasha ko wurin gini.

Birnin Agadas ya taɓa ganin irin wannan. Kafin a soma aiki sosai da dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, makon direbobi duka yana juyawa ne bisa ranar Litinin, ranar da ayarin motoci ke tashi zuwa Dirku da Libiya. Da aka kama motoci a 2016, Litinin ta zama kamar kowace rana, kuma kaɗan ne cikin masu neman tallafin sauya sana'a suka same shi. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, hanya ta sake buɗewa. Ramin Cominak shi ba mai sake buɗewa ba ne. Aikin da ya biyo bayan rufewar shi ne toshe hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da binne tarin dusar ma'adini wajen ton miliyan 20, kuma waɗanda aka ɗauka don wannan ba su kai yawan waɗanda aka sallama ba.