Kunamar da aka gyara a Amurka, da darasinta ga Hausawan Fatakwal, Anaca da Inugu

A watan Agustan 2017, kamfanin ƙera makamai na SIG Sauer da ke jihar New Hampshire ta Amurka ya nemi duk wanda ya mallaki ƙaramar bindigarsa samfurin P320 ya maido ta masana'anta a gyara masa kyauta. Watanni bakwai kafin nan, rundunar sojin Amurka ta zaɓi wannan samfuri a kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 580. Sai kuma gwaje-gwaje suka nuna cewa idan bindigar ta faɗi ƙasa ta ƙeya, a wata irin karkata, tana iya tashi ba tare da yatsan kowa ya taɓa ta ba. Rundunar 'yan sandan birnin Dallas ta dakatar da jami'anta daga amfani da ita.

Laifin yana ga nauyin kunamar. Duk wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura ya san yadda jiki ke ci gaba da tafiya idan direba ya taka burki ba zato. Haka kunamar take yi: bindiga ta daki ƙasa ta tsaya cak, ita kuwa kunama nauyinta ya ci gaba da jan ta baya, tamkar an danna ta. Don haka masana'anta ta musanya ta da siririya marar nauyi, ta rage nauyin allurar da ke dukan gindin harsashi da na ƙugiyar da ke riƙe da ita, ta kuma ƙara wani ɗan ƙarfe da ke raba kunama da ƙugiya har sai bindiga ta rufu ruf.

Da bindigogin suka koma hannun masu su, sai muhawara ta ɓarke. Wasu suka ce kunamar ta fi daɗin dannawa, wasu suka ce sun fi son ta dā, amma kusan kowa ya yarda cewa yatsa ya ji bambanci. Abubuwa uku yatsan mai harbi ke haddacewa: nisan da kunama ke tafiya sakwa-sakwa kafin ta yi tauri, ƙarfin da ake buƙata kafin ta saki, da inda take komawa ta sake kamawa bayan harbi. Idan ɗaya ya sauya, tsohon sabo ya zama abin tsoro, domin a lokacin firgici yatsa abin da ya saba yake yi, tunani yana baya. Shi ya sa masu horar da jami'an tsaro ke ɗaukar bindigar da ta dawo daga gyara a matsayin sabuwa, sai mai ita ya koma filin atisaye kafin ya sake rataya ta.

Gyaran bai kashe maganar ba. A Afrilun 2023, binciken haɗin gwiwa na jaridun Washington Post da The Trace ya tattaro mutum fiye da 100 da suka ce bindigar ta tashi ba su danna ba, aƙalla 80 sun ji rauni. A 2024, kotu a jihar Jojiya ta yanke diyyar dala miliyan 2.35 ga wani mai ƙara, wata a birnin Filadalfiya ta yanke dala miliyan 11. Kamfanin dai ya tsaya a kan cewa bindigarsa ba ta tashi sai an ja kunama.

Wanda ke gaban bakin bindiga

Ɗan kasuwar da ke sayar da albasa a Anaca, ko mai shanu a kasuwar Ugwuoba ta jihar Inugu, ko direban tirela da ke kwana a Oyigbo kusa da Fatakwal, ba shi da ƙaramar bindigar da zai aika masana'anta. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya irinta cikin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Lasisin bindigar farauta yana hannun Sufeto Janar, na bindigar toka kuma yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Alaƙar Bahaushen kurmi da kunama ta wani gefen ce: shi ne ke tsaye a gaban bakin bindigar.

Zaman Hausawa a wannan yanki tsoho ne. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, ɗan asalin lardin Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi, shi ne magajin garin Inugu na farko. Jikokin fataken wancan zamani su ne ke sauko da tumatir da wake da dabbobi, su tsallaka gadar Neja zuwa Anaca, ko su bi ta Inugu su gangara Fatakwal. A kowace tafiya suna tsayawa a shingaye masu yawa, inda ɗan sanda ko soja ko ɗan sintiri ke leƙowa ta tagar mota da makami a hannu. A kasuwanni ma masu gadi da bindiga suke kwana. Jihar Inugu ta kafa dakarun tsaron daji a 2019, Anambra kuma ta ƙaddamar da rundunar Agunechemba a Janairun 2025.

Idan harsashi ya fita a irin wannan wuri ya sami wani, bayanin da iyalai suka saba ji shi ne harbin kuskure ne, bindiga ce ta tashi. Shari'o'in Amurka sun nuna cewa wannan magana tambaya ce mai amsa. Ko dai yatsa ya shiga inda bai kamata ba, ko ƙarfe ya ci ya lalace, ko ƙirar ce da aibu tun daga masana'anta. Kowanne akwai mai laifinsa, kuma ƙwararren da ya kwance bindigar zai iya bambance su.

Gyara sai da rajista

Abin da ya sa gyaran 2017 ya yiwu shi ne kowace bindiga tana da lamba, kamfani kuma yana da rajistar da mai bindiga zai duba ko an gyara tasa. A Najeriya, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 sun ɓace daga rumbunan 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078. Hukumar da ta kasa faɗin inda bindiga take, da wuya ta iya faɗin yaushe aka duba kunamarta, ko wa ya taɓa ta, ko an sake horar da mai riƙe da ita bayan gyara.

Bindigar ƙirar gida ta fi wannan wuya. Garin Awka, da ke kan hanya tsakanin Anaca da Inugu, ya shahara da maƙera tun kafin zuwan Turawa, kuma ƙirar bindiga na cikin abin da aka san su da shi. Irin wannan bindiga babu lamba, babu ma'aunin ƙarfin kunama, babu masana'antar da za ta kira ta gyara. Idan ta fara gardama, duk maƙerin da aka samu ne zai goge ta da zarto, kuma goge kaɗan a kan ƙugiya ya isa ya sa ta saki da ɗan girgiza.

Akwai ƙa'idoji a rubuce. A 2019 an sabunta Umarni na 237 da ke fayyace lokacin da ɗan sanda zai iya harbi, a 2021 kuma aka kafa Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da shugabannin ƙungiyoyin dillalan abinci da dabbobi, waɗanda su ne ke zuwa karɓar gawa su kuma zauna sulhu, suna da tambayoyin da ya kamata su riƙa yi a rubuce duk lokacin da aka ce kuskure ne. Mece ce lambar bindigar? An killace ta nan take? Wane ƙwararre ne ya duba ta? Yaushe aka gyara ta, kuma yaushe mai riƙe da ita ya je atisaye na ƙarshe? Rigakafi ya fi magani, amma inda aka riga aka yi rashi, amsoshin nan ne za su nuna ko iyalan mamaci na da haƙƙin diyya, da kuma wanda zai biya ta.