Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara: Tafiya Da Keke Daga Bahri Zuwa Cikin Duwatsu

A shirinmu na matafiya da ya gabata mun yi magana kan keke, dokin talaka da ba ya cin harawa kuma ba ya shan mai. Ga abin da muka tattauna a taƙaice, don amfanin wanda yake daji da garke ko yake bakin iyaka da kaya lokacin da shirin ya fita.

Mun ɗauki misali da Bahri ta ƙasar Sudan, amma darasin zai yi maka aiki ko a tuddan Jos kake ko a duwatsun Mandara. Darasin kuwa guda ne. Mai keke yana son hanyar da babu hayaniyar motoci, kuma yana da gaskiya. Sai dai kafin ka shiga hanya mai shiru, ka fara tambayar abin da ya sa ta yi shirun.

Inda Bahri take

Babban birnin Sudan gari uku ne da kogi ya raba: Khartum, da Umdurman, da Bahri, wadda ake ce wa Khartum ta Arewa. A tsakaninsu Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa su nufi Masar. Wurin ba baƙo ba ne ga Bahaushe da Bafulatani. Kakanninmu alhazan ƙasa sun biyo ta Abeshe da Adire da Junaina da Al'ubayyid har suka iso nan, wasu suka zarce gaɓar teku, wasu suka zauna. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ma mutanenmu ne suka kafa shi, bayan yaƙin Burmi na 1903.

A can, keke "ajala" suke kiransa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, mai ya yi wuya, motoci da yawa suka salwanta, ajala da amalanken jaki suka koma ɗaukar ruwa da madara da marasa lafiya. Wanda a da yake raina keke, yau shi ne ke neman aro.

Hanyar arewa zuwa Sabaloka

Bahri kanta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Idan duwatsu kake nema, arewa za ka yi. Daga cikin gari ka bi ta Halfaya, ka wuce Kadaru, ka doshi Jaili inda matatar mai take. Babbar kwaltar da ke zuwa Shandi da Adbara ke nan. Kimanin kilomita 80 daga Khartum sai ka tarar da Sabaloka, inda duwatsu suka matse kogin Nilu daga gaɓa biyu, ruwa yana ratsawa ta ƙuntataccen wuri. Daga kwalta akan sauka ta yamma a bi turbar ƙasa zuwa bakin kogi.

Kwaltar tana da sauri, amma hanyar manyan motoci ce masu zuwa da dawowa daga gaɓar teku. Tirela idan ta wuce ka da gudu, iskarta kaɗai ta isa ta kayar da keke mai kaya. Shi ya sa masu keke suka fi son ƙananan turbobin da ke bin ƙauyukan bakin kogi. A nan akwai inuwa, akwai tulunan ruwa na sadaka a bakin hanya, akwai mai shayi, kuma da wuya a rasa mai faci. Irin wannan shirun shi ne mai kyau: babu mota, amma akwai mutane.

Ka kuma yi lissafin iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska daga arewa take kaɗawa. Mai fita daga Bahri zuwa Sabaloka da ita zai yi ta kokawa, in ya juyo gida kuma ta riƙa tura shi. Don haka nauyin kayanka ya fi dacewa da dawowa. A watan Mayu da Yuni kuwa zafi yakan haura digiri 40, ga guguwar ƙura da suke kira habub. Lokacin nan ka fita da asuba, hantsi ya yi ka nemi inuwa, sai la'asar ka ci gaba.

Shiru iri uku da ya kamata ka ji tsoro

Na farko, shirun da yaƙi ya bari. An gwabza a Bahri da kewayen matatar Jaili, kuma a Janairun 2025 sojojin gwamnati suka karɓe matatar. Faɗa yana wucewa, amma harsasan da ba su fashe ba da nakiyoyi ba sa tashi su bi shi. Turbar da ciyawa ta rufe, babu sawun taya, babu kashin jaki, babu sawun akuya, kada ka ce ka sami hanyar yanke. Mutanen wurin ba don lalaci suka bar ta ba. Masu aikin cire nakiya sukan shafa wa duwatsu fenti: ja alamar haɗari, fari alamar ɓangaren da aka share. Ƙarfen da ba ka san shi ba, kada ka taɓa, kada ka ɗauka don sayar wa 'yan gwangwan, ka kuma ja kunnen yaran da ke bin dabbobi.

Na biyu, shirun hanyar da ta yanke a gaba. Gadar Shambat da ke haɗa Bahri da Umdurman ta karye a Nuwamban 2023. Mai son tsallakawa yamma, ko zuwa tuddan Karari inda aka yi yaƙin 1898, ko zuwa kasuwar dabbobi ta Muwailih, sai ya tambayi gadar da ake bi a ranar kafin ya ɗaura kaya. Labarin makon jiya ba ya aiki a hanya.

Na uku, shirun kwari. Busasshen rafi, wanda suke ce wa khor, yana da daɗin bi saboda ya ratsa tsakanin duwatsu ba hawa. To amma da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa yakan sauka a kan dutse can nesa, kai kana cikin rana, sai kawai ka ji ruri. Kada ka kwana a cikin kwari, kada ka ɗaure dabba a ciki. A Agustan 2024 ambaliya ta fasa madatsar ruwa ta Arba'at a duwatsun Bahar Maliya, ta share ƙauyuka. Ruwan dutse ba ya sallama.

Mashigar Agaba

Wanda ya zarce daga Adbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa da ya yi suna wajen yawan kekuna, ya bi ta Haya zuwa Sinkat, ya shiga duwatsun Bahar Maliya, ƙasar mutanen Beja. Sinkat tana sama da mita 800 daga matakin teku, Sawakin kuwa a bakin ruwa take. Tsakaninsu akwai mashigar dutse da ake kira Agaba, hanya mai lanƙwasa da gangara. Ta nan motocin raguna ke sauka zuwa Sawakin don a loda wa jiragen Jidda, ta nan kuma manyan motoci ke hawowa da kaya daga tashar Bur Sudan.

A irin wannan wuri hawa ba ya kashe mai keke, wahala kawai yake ba shi. Gangara ce ke kisa. Ga dalili. Jarka mai lita 20 ta ruwa ko madara nauyinta ya kai kilo 20. Ka ɗaura biyu, ka haɗa da nauyinka da na keken, an haura kilo 100. Duk wannan nauyin 'yan robobin birki huɗu ne, kowace ba ta fi yatsa ba, za su tsayar da shi. Idan ka matse birki ka riƙe tun daga sama har ƙasa, ƙarfen ƙafar keken zai yi zafi, robar ta yi laushi ta daina kamu, wani lokaci tayar ma ta fashe.

Abin yi shi ne ka riƙa kamawa kana saki, da birki biyu tare. Na gaba ya fi ƙarfin tsayarwa, amma in ka fizge shi shi kaɗai zai wurga ka. Rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Ka tsaya lokaci lokaci ka taɓa ƙarfen ƙafar. In ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, zauna ka sha ruwa ya huce. Inda gangara ta yi tsanani, sauka ka ja abinka. Babu wanda zai tambaye ka a kasuwa ko a kan sirdi ka sauko.

Wajen ɗaurin kaya, raba nauyi gida biyu, hagu da dama, ka saukar da shi ƙasa kusa da tsakiyar ƙafar baya. Kayan da aka tula sama a kan kariya su ne ke ɗaga gaban keke a hawa, su kuma ja shi gefe a kwana. Jarkar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari, don ruwan yana kai da kawo a ciki.

Kafin ka fita

Duba robar birki da sarƙa da iskar taya. Riƙe famfo da faci da sholisho da sifana, don ƙayar daji ba ta da tausayi. Ruwan sha ya fi abin da kake zaton za ka buƙata. Takardar shaidarka ta zama a jikinka, domin shingayen bincike suna da yawa, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton gada ko matata ko wurin sojoji. Ku tafi ku biyu ko uku. Ka bar wa na gida sunan hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa. Magariba ta same ka a ƙauye, ba a tsakanin duwatsu ba.

A kowane ƙauye ka isa, yi sallama ka tambayi mai shayi ko makiyayin da ka tarar: wa ya bi hanyar nan yau, kuma ya dawo? Idan aka ce tun bara ba wanda ya bi, to ka koma kwalta ka haƙura da ƙurar tirela. Matambayi ba ya ɓata, hanyar lafiya kuma a bi ta da shekara.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya da shi da dukiyarsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.