Matashin Manomi da Ilmin Noma na Manya

Sanin kowa ne cewa Najeriya ƙasa ce ta matasa, domin kimanin rabin mutanenta ba su kai shekara 20 ba. A karkarar ƙasar Hausa, yawancin samari da fartanya suka tashi, kuma da ƙarfinsu ake cika rumbuna. Saboda haka duk shirin ilmantar da manoma da bai lura da yanayin rayuwarsu ba, da wuya ya yi tasiri.

Abu na farko shi ne matsayin saurayi a gida. Bisa al'ada, yakan yi aiki a gandu ƙarƙashin mahaifinsa ko yayansa tun daga safe har azahar, sannan da yamma ya koma gayaunarsa. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a littafinta na 1972, bayan binciken da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina. Ke nan ƙarfin aiki na saurayi ne, amma shawarar irin da za a shuka da takin da za a saya ta maigida ce. Idan malamin gona ya koya wa saurayi sabuwar dabara, gayauna ce kaɗai inda yake da ikon gwada ta.

Abu na biyu shi ne lokaci. A watannin Yuni da Yuli, noman fari da maimai ba sa barin kowa ya zauna a aji. Bayan kaka kuwa, samari da yawa sukan tafi ci rani birane, wasu su koma noman lambu a fadama. Darasin da aka ajiye sai rani yakan tarar da gari ba samari.

Akwai hanyar da ta magance irin wannan matsala. A 1989 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara makarantun manoma na bakin gona a Indunisiya. Manoma kamar 25 sukan haɗu sau ɗaya a mako, daga shuka har girbi. Sukan duba ganyen shinkafa, su ƙidaya ƙwari, su bambanta masu ɓarna da masu cin masu ɓarnar, kamar gizo-gizo. Da idonsu suka gane cewa yawan feshi yana kashe ƙwarin da ke taimakonsu.

Irin wannan karatu ya dace da saurayin da ke gandu, domin 'yan sa'o'i ne a mako, kuma ba ya buƙatar takardar shaida. Idan gayaunarsa ta fi gandu yabanya, maigida da kansa zai tambaye shi yadda aka yi, tun da gani ya kori ji. Malaman sakandare masu gonar makaranta suna iya fara wannan horo da ɗalibansu tun daga daminar bana.