Kyamarar lulluɓi: inda milimita uku ke raba hoto mai kyau da asara

Idan muka tambayi kakanninmu yadda ake ɗaukar hoto a zamaninsu, za su ba mu labarin mai hoto da ke kafa akwati kan ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Irin wannan kyamara ba ta mutu ba. Da ita Ansel Adams na Amurka ya ɗauki shahararren hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, a kan fim mai inci 8 da 10. Seydou Keïta na Bamako ma da babbar kyamara ya yi suna. Har yau masu ɗaukar gine-gine da tsaunuka na amfani da ita.

Ƙirarta ba ta da wuyar ganewa. Gaba akwai idon kyamara, baya akwai gilashi mai dishi-dishi inda hoton ke bayyana kai a ƙasa, tsakani kuma akwai fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙera. Babu abin da ke saita kansa kamar a wayarmu. Mai hoto ne ke matso da idon ko ya nisanta shi har hoton ya fito tar. Fim ɗin kuma falle-falle ne, kowane falle hoto ɗaya, kuma da tsada.

A fim mai inci 4 da 5, ido mai milimita 150 shi ne na yau da kullum. Wanda ke son ɗauko ɗaki gaba ɗaya ko fili mai faɗi sai ya koma na 90, 75 ko 65. A nan wahalar take.

Da farko dai duhu. Yawancin idanun 90 masu sauƙin ɗauka, irin su Super-Angulon na kamfanin Schneider, ba sa buɗewa fiye da f/8. Ga shi kuma idon na zaune daf da gilashi, don haka hasken da ke zuwa kusurwoyi a karkace yake sauka, ya wuce gefe bai shiga idonmu ba. Sai mu ga tsakiya da haske, gefuna baƙi ƙirin. Dabarar ita ce a karkata madubin ƙara girma, mai ninki huɗu zuwa shida, ya fuskanci idon kyamarar maimakon a ɗora shi a miƙe. Wasu na ajiye ƙaramar tocila a wurin da suke son saitawa, su saita a kan haskenta, sannan su ɗauke ta. Ido mai f/4.5 ya ninka mai f/8 haske kusan sau uku, sai dai nauyi da kuɗi.

Abin da ya fi duhun haɗari shi ne ruɗin ido. Ido mai faɗin gani na ƙanƙanta komai, ƙaramin abu kuwa ko bai saitu ba yakan yi kamar ya fito. Mu duba lissafin: da ido mai 90, tazarar da za a motsa shi daga saitin dutse mai nisa zuwa na abin da ke mita uku ba ta kai milimita uku ba. Da mai 65, kusan ɗaya da rabi ce kacal. Hannu ya ɗan zarce, an tafi. Ba za a gane ba sai an wanke fim an faɗaɗa hoton.

Shi ya sa mu muka fi yarda da awo a kan ido kaɗai. A buɗe ƙofar haske duka, a saita a kan abu mafi nisa, a lura da inda sandar ta tsaya. A saita a kan mafi kusa, a sake lura. Sai a tsayar da idon a tsakiyar alamomin biyu, a ɗaure, a rage ƙofar zuwa f/22, ko f/32 idan tazarar ta yi yawa.

Zugazugin ma na da nasa rigimar. Idan ido ya matso sosai, fatar kan cushe ta ƙi motsi, sai a canza ta da mai siffar jaka, ko a ɗora idon kan allo mai rami. A kyamara mai naɗewa kuwa, a leƙa gefen gilashin na sama kafin a sa fim: tunda hoton kife yake, a can ne bakin katakon kyamarar ke leƙowa idan ya shigo hoto.