Saƙar Zuma da Ƙa'idar Shimfiɗa Mafi Ƙanƙanta

Duk wanda ya taɓa ganin an sauke amya a ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar, ko ya tsaya gaban mai sayar da zuma da saƙarsa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya san cewa kowane ɗaki na saƙar gefe shida gare shi. Tambayar ita ce: me ya sa shida?

Malamanmu sun tattauna wannan mas'ala. Imamu Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddin, da Fakhruddin Razi a tafsirinsa na Suratun Nahli, duk sun yi nuni ga hikimar wannan siffa. Da'ira ta fi kowace siffa ɗaukar abu, amma idan aka jera da'irori sai a bar giɓi a tsakani. Daga cikin siffofi masu gefuna da kusurwoyi daidai, uku ne kawai ke rufe fili ba giɓi: mai gefe uku, mai huɗu da mai shida. A cikinsu mai shida ce ke bukatar bango mafi ƙaranci, wato kaki mafi ƙaranci. Masanin handasa Pappus na Iskandariyya ya kawo irin wannan hujja tun a ƙarni na 4 Miladiyya.

Sai dai hujjar ba ta kore yiwuwar wata siffa mai lanƙwasassun gefuna da za ta fi tsimi ba. Wannan ƙofa ta zauna a buɗe har shekarar 1999, lokacin da Thomas Hales na Amurka ya tabbatar da cewa babu tsarin da ya fi mai gefe shida wajen raba fili zuwa ɗakuna masu girma ɗaya.

Ƙa'idar tsimi ba ta tsaya ga zuma ba. Idan aka tsoma zoben waya a ruwan sabulu, tantanin da ya fito yana tsuke kansa har ya zama shimfiɗa mafi ƙanƙanta da za ta iya cike zoben. In zoben a karkace yake, tantanin kan ɗauki kamannin sirdin dokin hawan Sallah a Gumel: gaba da baya sun ɗaga, gefe biyu sun sauka, lanƙwasa biyun kuma suna daidaita juna. Joseph Plateau na Beljiyam ya bayyana a 1873 cewa tantanin kumfa uku-uku suke haɗuwa, a kan kusurwar digiri 120, wadda ita ce kusurwar ɗakin zuma. Jean Taylor ce ta tabbatar da dokokinsa da lissafi a 1976. A 1970 kuma Alan Schoen ya gano wata shimfiɗa mai maimaita kanta ta fuska uku, wadda ya kira jairoid. Daga baya aka same ta a fikafikan wasu malam-buɗe-littafi, inda take haifar da koren launi, da kuma a tantanin wasu ƙwayoyin halitta.

Akwai abin lura ga ɗalibi. A 1964 Fejes Tóth na Hangari ya nuna cewa gindin ɗakin zuma, inda ɗakunan fuska biyu ke haɗuwa, ba shi ne mafi tsimi ba. Akwai tsarin da ya fi shi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Wannan bai tauye hikimar halitta ba, domin ginin ƙudan zuma yana bukatar ƙarfi da sauƙin aiki, ba tsimin kaki kaɗai ba. Amma ya isa gargaɗi ga mai wa'azi da marubuci: kada a jingina wa lissafi abin da bai tabbatar ba. Gani da ido daban, burhani daban, kuma tsakaninsu a wannan mas'ala an ɗauki sama da shekara 1,600.