Ƙadandoniya a Fadamar Haɗeja: Ƙirar Jikinta da Hanyoyin Gane Nau'inta

Gabatarwa

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Haɗeja, ƙadandoniya takan fito daga cikin ƙasa ta bazu a gonaki da gindin bishiyoyi. Hausa tana da suna ɗaya ga wannan halitta, alhali masana sun siffanta nau'o'inta sama da 12,000 a duniya, waɗanda suka tara a rukunin da suke kira Diplopoda. Ƙamusun Hausa, tun daga na Bargery na 1934, sun saba fassara sunan ƙwaro da kalma ɗaya ko gajeriyar jimla. Wannan maƙala ta duba siffofin da sunan ya ƙunsa, da yadda ake bambanta ƙadandoniya da shanshani, da kuma iyakar abin da ido zai iya ganewa.

Ƙirar Jiki

Jikin ƙadandoniya dogo ne, mulmulalle, mai zobba jere da juna. A kanta akwai gajerun ƙahonni biyu da take lalube da su, da baki mai tauna ruɓaɓɓen ganye. Zoben farko, wanda ke bayan kai kamar wuyan riga, ba shi da ƙafa. Zobba uku da ke biye da shi kowanne yana da ƙafa biyu. Daga nan kusan kowane zobe yana ɗauke da ƙafa huɗu, domin asalinsa gaɓoɓi biyu ne da suka haɗe. Yawan ƙafafun ya danganta da nau'i da kuma girma, saboda 'yar ƙadandoniya takan fara rayuwa da ƙafa shida, ta riƙa ƙara zobba duk lokacin da ta yi saɓa. Mafi yawan ƙafafu da aka taɓa ƙirgawa su ne 1,306, a jikin wani nau'i na ƙasar Ostareliya da aka bayyana a 2021.

A gefen zobban akwai ƙananan ƙofofi da ke fitar da wani ruwa mai wari idan an taɓa ta. Wannan ruwa yakan rina fata ya kuma yi zafi a ido, shi ya sa ya dace a wanke hannu bayan an riƙe ta.

Bambancinta da Shanshani

Shanshani shimfiɗaɗɗe ne, kowace gaɓa tasa tana da ƙafa biyu kacal da suka fito ta gefe, ƙahonninsa dogaye ne, kuma yana da saurin gudu. Ƙafafunsa biyu na farko sun rikiɗe sun zama ƙugiyoyi masu dafi, da su yake kama ƙwari, da su kuma yake cizon mutum. Ita kuwa ƙadandoniya ƙafafunta a ƙarƙashin ciki suke, tafiyarta a hankali, ba ta da dafin cizo, kuma idan ta tsorata sai ta naɗe kamar gammo. Fassarar da ta cakuɗa sunayen biyu a littafin makaranta ko a takardar wayar da kai za ta iya sa yaro ya ɗauki mai cizo a matsayin marar cutarwa.

Gane Nau'i

Launi da tsawo ba su isa hujja ba, domin nau'o'i da dama sun yi kama a ido. Abin da masana suka fi dogara da shi yana zobe na bakwai na balagaggen namiji, inda ƙafafu suka rikiɗe suka zama gaɓoɓin barbara. Siffar waɗannan gaɓoɓi ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i, kuma sai da madubin ƙara girma ake tantance ta. Saboda haka mace ko ƙarama ba kasafai take bayyana nau'inta ba. Wutsiya ma tana taimakawa: yawancin 'yan dangin Odontopygidae, waɗanda Afirka ce mazauninsu, suna da ɗan tsini kamar haƙori a marfin duburarsu. A cikin wannan dangi ne jinsin Peridontopyge yake, wanda aka sani da ɓarnar gyaɗa a ƙasashen Sahel, musamman Senegal.

Muhalli da Noma

Ƙadandoniya tana numfashi ta ƙananan ƙofofi kusa da tushen ƙafafunta, kuma jikinta yana saurin rasa ruwa. Don haka takan shafe rani a cikin ƙasa, ta fito da damina. Fadamar Haɗeja ta haɗa ƙasar laka da ambaliya ke rufewa da tudun yashi inda ake noma gero da gyaɗa da riɗi, kuma madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yanayin ambaliyar kanta. Halittar da ba ta jure bushewa, ba ta kuma jure nutsewa, ta fi samun zama a inda akwai laima ba tare da ruwa ya kwanta ba.

Yawancin nau'o'inta suna cin ruɓaɓɓen ganye suna mai da shi taki. Wasu kuwa suna cin irin shuka da tsiro, suna kuma huda kwanson gyaɗa tun yana ɗanye, abin da ke buɗe hanya ga funfunar da ke haifar da gubar afulatoksin. Manomin da ya zuba magani ga kowace ƙadandoniya zai kashe mai amfani tare da mai ɓarna.

Kammalawa

Kalmomin ƙadandoniya da shanshani sun raba rukunoni biyu daidai da yadda kimiyya ta raba su, amma ba su kai ga matakin nau'i ba. Mai tattara kalmomi a Auyo ko Guri ko Kirikasamma zai ƙara wa aikinsa daraja idan ya haɗa kowane suna da ya ji da hoton halittar, da wuri da watan da aka same ta, da kuma samfurin balagaggen namiji da aka adana a sifirit domin masanan dabbobi su tantance.